Tsofaffin Jiragen Yaƙi a Fagen Wasa: Abin da Ke Haddasa Karo a Sararin Sama

A Amurka da Birtaniya da wasu sassan Turai akwai al'adar da ta kafu tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta adana jiragen saman da aka gwabza yaƙin da su, a gyara su, a riƙa tashi da su a gaban jama'a a ranakun bukukuwa, domin waɗanda ba su riski yaƙin ba su ji rugugin injinansu, su kuma ga irin abin da kakanninsu suka shiga zuwa fagen daga. Mafi yawan waɗannan jirage sun daɗe da fita daga hannun soja, sun koma mallakar gidajen adana kayan tarihi da ƙungiyoyin sa kai da wasu masu hannu da shuni, kuma waɗanda ke tuƙa su galibi tsofaffin sojojin sama ne ko matuƙan jiragen fasinja da ke yin aikin don sha'awa. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ita ce Commemorative Air Force, wadda ta samo asali a jihar Texas a 1957, lokacin da wasu tsofaffin matuƙa suka haɗa kuɗi suka sayi jirgin P-51 Mustang guda ɗaya, kuma a yau tana riƙe da jirage fiye da 150.

Duk sa'ad da ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage ya faɗi, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne tsufa, wato ta yaya za a tashi da ƙarfen da ya haura shekara 70 a kan taron jama'a. Tambayar tana da gurbinta, kuma akwai haɗurran da tsufan kayan aiki ne ya jawo su, sai dai idan ana maganar karo tsakanin jirage biyu a sama, rahotannin masu bincike sun fi nuna wani abu dabam: jiragen suna da lafiya, matuƙan ƙwararru ne, amma ba a tsara tun a ƙasa yadda kowane jirgi zai kauce wa ɗan'uwansa ba, an bar al'amarin ga idon matuƙi da muryar mutum ɗaya a rediyo.

Dokokin wasan jiragen sama an gina su ne sannu a hankali, kusan kowacce bayan an yi asarar rayuka. A ranar 6 ga Satumba 1952, a wasan Farnborough da ke Ingila, wani sabon jirgi ƙirar de Havilland DH.110 ya tarwatse a sama, ɗaya daga cikin injinansa ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 29 suka mutu a ƙasa ban da mutum biyu da ke cikin jirgin, kuma daga nan ne Birtaniya ta ƙayyade tazarar da dole jirgi ya bari tsakaninsa da jama'a. A ranar 28 ga Agusta 1988, a sansanin sojan sama na Ramstein da ke Jamus ta Yamma, jirage uku na tawagar wasan sojan Italiya mai suna Frecce Tricolori suka yi karo, ɗaya ya tarwatse cikin taro yana ci da wuta, mutum 70 suka rasu, uku daga ciki matuƙa ne, ɗaruruwa kuma suka jikkata. Abin da ya ƙara munin wannan hatsari shi ne jirgin da ya yi karon yana fuskantar jama'a ne kai tsaye, saboda haka ƙarfin gudunsa ya kwashi tarkacensa zuwa kansu, kuma wannan ne ya ƙarfafa ƙa'idar da ake bi a yau, cewa ba a yin wasan juyi da jirgi yana dosar inda mutane suke.

A Amurka, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta tarayya, wadda aka fi sani da FAA, ta mayar da wannan darasi zuwa layuka da ake shatawa a ƙasa daura da inda 'yan kallo ke tsaye, waɗanda matuƙi ke bi da ido daga sama. Jirage masu tsananin gudu, waɗanda suka wuce kimanin kilomita 450 a awa, ba sa yin wasan juyi kusa da ƙafa 1,500 daga jama'a, masu matsakaicin gudu an ba su ƙafa 1,000, masu tafiya a hankali kuma ƙafa 500. Tsarin ya yi aiki ƙwarai wajen kare wanda ya biya kuɗi ya shiga fili, amma duk ma'auninsa yana auna nisan jirgi da mutanen ƙasa ne, bai ce komai ba game da nisan jirgi da wani jirgi, kuma a wannan giɓi ne hatsarin Dallas ya auku.

Ranar Asabar 12 ga Nuwamba 2022, kwana ɗaya bayan ranar tunawa da tsofaffin sojoji a Amurka, ƙungiyar Commemorative Air Force tana gudanar da wasanta na Wings Over Dallas a filin jirgin Dallas Executive, inda hedikwatarta take. A cikin jiragen da ke sama akwai rukuni biyu, na farko jirage biyar ne na jefa bama-bamai, waɗanda wani B-17G mai laƙabin Texas Raiders ke jagoranta, na biyu kuma ƙananan jiragen farauta uku ne, wato jirage masu matuƙi ɗaya da aka ƙera don kakkaɓo wasu jirage, kuma na ƙarshe a jerinsu shi ne Bell P-63F Kingcobra. Jirgin B-17 babba ne mai inji huɗu, faɗin fukafukansa ya haura mita 31, an ƙera irinsa 12,731 a zamanin yaƙi, amma waɗanda ke iya tashi a yau ba su taka kara sun karya ba. Shi kuwa P-63 an ƙera irinsa kimanin 3,300, an aika da mafi yawansu Tarayyar Sobiyet a matsayin gudummawar yaƙi, kuma wanda ke sama a ranar ɗaya ne daga cikin biyu kacal da aka taɓa ƙerawa na samfurin F.

Wanda ke sarrafa irin wannan wasa shi ne madugun wasa, mutumin da ke tsaye a kan dandamali a filin, riƙe da rediyo, yana kallon sama yana gaya wa kowane matuƙi inda zai bi. Aikinsa ya yi kama da na ma'aikacin hasumiyar filin jirgi, sai dai shi ba ya amfani da na'urar hangen jirage, da idonsa yake aiki, kuma hukuma kan ɗage wasu dokokin zirga-zirga na yau da kullum a sararin filin har a gama wasa. A wannan rana madugun ya umarci ƙananan jiragen su bi sahun juna ɗaya bayan ɗaya, su wuce gaban manyan, su bi layin ƙafa 500, manyan kuma su bi layin ƙafa 1,000. Domin cika wannan umarni, hanyoyin rukunonin biyu sun kusanci juna a wuri ɗaya, a tsayi kusan ɗaya, kuma da misalin ƙarfe 1:22 na rana, yayin da P-63 ke karkace yana juyawa hagu yana ɗan gangarowa, ya daki B-17 ta gefen hagu a bayan fiffike, ya raba gangar jikinsa biyu. Cikin 'yan sakanni babban jirgin ya faɗi ya kama da wuta, ƙaramin kuma ya wargaje, mutum biyar da ke cikin B-17 da matuƙin P-63 duk suka rasu, tarkace ya watsu har kan babbar hanyar mota da ke kusa da filin, amma ba wanda ya ji rauni a ƙasa. Layukan kariyar jama'a sun yi aikinsu ke nan, abin da ya gaza yana can sama.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, ta fitar da rahotonta na ƙarshe a Disamba 2024, kuma ba ta ɗora alhakin a kan lalacewar inji ko tsufan jirgi ba. Babban dalilin da ta kafa shi ne madugun wasan da masu shirya taron ba su da wani gamsasshen tsari da aka tattauna kafin tashi na raba jiragen, sun dogara ne ga umarnin da madugun zai riƙa bayarwa nan take da kuma ƙa'idar gani da kaucewa. An yi zaman bayani da matuƙa da safe kamar yadda doka ta tanada, amma ba a ware wa kowane rukuni tsayinsa ba, alhali da an ce manyan jirage su tsaya a wani tsayi, ƙananan kuma su kasance sama da su da 'yan ɗaruruwan ƙafa, to ko da hanyoyinsu sun gitta juna, ɗaya zai wuce ne ta saman ɗaya. Hukumar ta kuma lura cewa kalmomin da madugai ke amfani da su a rediyo ba a daidaita su ba, kowa da irin nasa, kuma FAA ba ta da cikakken jagora kan yadda za a tsara wasan da ya haɗa jirage mabambanta gudu da girma, ba ta kuma wajabta sake gwada madugai lokaci-lokaci ba bayan an ba su izini.

Ƙa'idar gani da kaucewa ita ce mafi daɗewa a harkar tuƙin jirgi, kuma ma'anarta ita ce matuƙin da ke tafiya cikin sarari mai haske shi ke da alhakin duba waje ya ga sauran jirage ya ba su hanya. Tana da sauƙin faɗa, amma tana da rauni uku da masana suka daɗe da sani. Na farko ya shafi lissafi: idan jirage biyu suna tafiya a miƙe kan hanyoyin da za su haɗu a wuri guda, kowannensu zai ga ɗayan a tsaye cik a gurbi ɗaya na gilashin gabansa, ba ya matsawa hagu ko dama, sai dai yana ƙara girma a hankali, sannan ya kumbura farat ɗaya a sakannin ƙarshe. Idon ɗan Adam kuwa an halicce shi ne da saurin kama abin da ke motsi, musamman ta gefen ido, don haka jirgin da ya fi hatsari shi ne wanda ido ya fi jinkirin kamawa. Na biyu shi ne lokaci, domin ƙiyasin da FAA ke koyar da matuƙa ya nuna ana buƙatar kimanin sakan 12 da rabi daga lokacin da aka hango abu, a gane jirgi ne, a fahimci za a yi karo, a yanke shawarar inda za a kauce, a motsa hannu, har jirgin ya amsa. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa kuwa yana cinye fiye da kilomita ɗaya a wannan ɗan lokaci.

Rauni na uku shi ne ya fi shafar tsofaffin jiragen yaƙi, wato surar jirgin kansa. An ƙera jiragen farauta na wancan zamani da dogon hanci da fukafukai a ƙasan mazaunin matuƙi, saboda haka duk abin da ke ƙarƙashin hanci ko fiffike a ɓoye yake, kuma idan jirgin ya karkata domin juyawa hagu, cikinsa kan fuskanci dama, ya rufe wa matuƙi duk abin da ke wajen da'irar juyin. Kamar direban tirela ne da ke karya kwana, wanda mai babur zai iya kasancewa dab da tayarsa bai gan shi ba, ba don sakaci ba sai don jikin motar ya tare. A haka P-63 yake a sakannin ƙarshe, B-17 yana gefen da cikinsa ke fuskanta, kuma aikin da aka ba matuƙin shi ne bin jirgin da ke gabansa a sahu da neman layin da aka ce ya bi, abin da ke jan idonsa zuwa cikin da'irar. Su kuma matuƙan B-17 abin ya zo musu ta baya ne, inda tagoginsu ba sa nunawa sosai. Matuƙin ƙaramin jirgin ya shafe fiye da awa 30,000 yana tuƙin jirage, mafi yawa a kamfanin fasinja, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙwarewa ba ta sa a ga abin da ƙarfe ya tare.

Mai karatu zai iya tambayar ina na'urorin da ke hana manyan jiragen fasinja karo, waɗanda ke magana da juna ta siginar rediyo su umarci ɗaya ya hau sama ɗaya ya yi ƙasa. Amsar ita ce an ƙera su ne domin jiragen da bai kamata su kusanci juna ba ko kaɗan, a wasan jirage kuwa kusantar ita ce abin kallon, don haka na'urar za ta yi ta kururuwa ne ba ƙaƙƙautawa har matuƙi ya daina saurarenta. Jiragen Dallas biyu ba su da baƙin akwatin da ke naɗar murya da bayanan tafiya, doka ma ba ta wajabta musu ba, sai masu bincike suka dogara ga na'urar da ke watsa matsayin jirgi, da muryoyin rediyo, da ɗimbin hotunan bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka da wayoyinsu.

Irin wannan ɓacewar gani ta taɓa faruwa a Ingila, a filin Duxford, ranar 10 ga Yuli 2011, lokacin da jirage uku da ke tafiya a jere suka rabu ɗaya bayan ɗaya domin shirin sauka. Matuƙin wani Douglas Skyraider ya daina ganin P-51 Mustang ɗin da ke jagorantarsu, ya ci gaba da juyawa a da'irar da ta fi ta jagoran matsewa, fiffikensa ya daki bayan Mustang ɗin. Matuƙin Mustang ya yi tsalle da lema daga ɗan ƙaramin tsayi ya tsira, Skyraider kuma ya sauka da guntulallen fiffike. A Satumba 2023, a gasar tseren jirage ta Reno da ke jihar Nevada, jirage biyu ƙirar T-6 Texan, waɗanda aka horar da matuƙan yaƙi da irinsu, sun yi karo yayin shirin sauka bayan an gama tsere, matuƙan biyu suka rasu. Abin lura a nan shi ne haɗurran ba a tsakiyar alkafura ko wani wasa mai ban tsoro suka faru ba, sun faru ne a lokacin sauya wuri da komawa sahu da shirin sauka, lokutan da ake ɗauka masu sauƙi ne, waɗanda kuma aka fi barin su ba a rubuta su dalla-dalla ba.

Ba daidai ba ne kuma a ɗauka cewa rubutaccen tsari yana kawar da hatsari baki ɗaya. Tawagar Italiya a Ramstein tana yin wasan da ta maimaita sau ba adadi ne, kowane jirgi da gurbinsa da sakaninsa, amma jirgi ɗaya ya iso mahaɗar da wuri kuma a ƙasa da tsayin da aka ware masa. A Najeriya ma, ranar 28 ga Satumba 2018, jiragen yaƙi biyu ƙirar F-7Ni na rundunar sojan sama sun yi hatsari a sararin Abuja yayin atisayen bikin cika shekara 58 da samun 'yancin kai, suka faɗi a yankin Katampe, kuma ɗaya daga cikin matuƙan ya rasu, alhali sojoji ne masu horo ɗaya da umarni ɗaya. Bambancin shi ne inda akwai tsari, sai wani ya kauce masa kafin a yi karo, kuma sauran matuƙa suna da ma'aunin da za su gane an kauce. Inda babu shi kuwa, kowa zai iya bin umarnin da ya ji daidai gwargwadon fahimtarsa, a kuma haɗu a wuri ɗaya.

Maganar tsufa tana da nata shaidun, kuma adalci ne a kawo su. A Reno, ranar 16 ga Satumba 2011, wani P-51 da aka yi wa sauye-sauye masu yawa domin tsere ya faɗa gaban rumfar 'yan kallo, mutum 11 suka mutu har da matuƙin, kuma bincike ya gano cewa wasu notuna da suka gaji ne suka bar ɗan marfin da ke daidaita wutsiyar jirgin ya yi ta karkarwa har abin da ke riƙe da shi ya karye. A Oktoba 2019 wani B-17 ɗauke da fasinjojin da suka biya kuɗin yawo ya faɗi a filin Bradley da ke jihar Connecticut, mutum bakwai cikin 13 suka rasu, kuma an sami sakaci wajen kula da injina tare da kuskuren matuƙi bayan ya kashe inji ɗaya. Ko a nan ma, abin da rahotannin suka nuna da yatsa shi ne gyara da sa ido, domin jirgin da ake duba shi bisa ƙa'ida ana canza masa sassa akai-akai, har ya zama da yawa daga abin da ke jikinsa bai kai shekarun sunansa ba.

Akwai kuma mutanen da layukan kariya ba su rufe su ba, wato waɗanda ke wajen fili, waɗanda ba su zo kallo ba. A Shoreham da ke kudancin Ingila, ranar 22 ga Agusta 2015, wani tsohon jirgin Hawker Hunter ya shiga alkafura da ƙarancin gudu, ya kai ƙololuwarta a kimanin ƙafa 2,700 maimakon aƙalla 3,500 da ake buƙata, ya kasa miƙewa kafin ƙasa, ya faɗa kan babbar hanyar A27, ya kashe mutum 11, wasu a cikin motocinsu suna kan hanyar harkokinsu. Matuƙin ya tsira, kotu ta wanke shi daga tuhumar kisa a 2019, amma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke a 2022 cewa an kashe mutanen ba bisa doka ba. Bayan hatsarin, hukumar jiragen sama ta Birtaniya ta taƙaita wasan juyi da tsofaffin jirage masu injin jet a kan tudu, ta kuma tsaurara yadda masu shirya taro ke tantance haɗarin da ke kan hanyoyi da gidajen da ke kewaye da fili.

Bayan kowane hatsari akan sami masu kiran a ajiye jiragen a gidajen tarihi a daina tashi da su, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, domin duk B-17 ɗin da ya ƙone ba a sake ƙera wani, rayukan da suka tafi kuma ba su da madadi. Masu adana jiragen suna amsawa da cewa jirgin da ba ya tashi ya rasa rabin abin da yake koyarwa, kuma kuɗin wasanni da na yawo da fasinjoji su ke biyan gyaransa. Hatsarin Dallas bai warware wannan muhawara ba, amma bai kuma goyi bayan masu zargin tsufa ba, tunda da sababbin jirage ne aka tura hanyoyinsu wuri ɗaya a tsayi ɗaya, ɗaya a karkace ɗaya a makance ta baya, sakamakon ba zai canza ba. Gyaran da NTSB ta nema bai buƙaci sabuwar fasaha ba: a rubuta tsarin raba jirage ta tsayi ko ta gefe ko ta lokaci kafin a tashi, a tantance haɗarin kowane wasa, a daidaita kalmomin rediyo, a kuma riƙa sake gwada madugai. Ta aika da shawarwarin ga FAA, da majalisar masu shirya wasannin jiragen sama ta ICAS, da ƙungiyar Commemorative Air Force da ke tashi da jiragen biyu. Ita NTSB shawara kawai take bayarwa, ba ta da ikon tilasta wa kowa, mayar da shawarar doka kuwa aikin FAA ne.